Gajeriyar tafiya: manhaja ko tasi?

Direbobi da fasinjojin da suka saba da Yango, manhajar kiran mota ta waya, a biranen Yawunde da Duwala na Kamaru sun tsaya a kan magana ɗaya: tafiyar kilomita 1 ko 2 ba ta manhaja ba ce. Manhaja tana da mafi ƙarancin kuɗin da ba ta sauka ƙasa da shi. Direba kuwa zai ƙona mai ya zo ɗaukarka kyauta, kamfani ya cire kasonsa, shi ya sa yakan soke kiran. In hadari ya haɗo, farashi ya tashi.

Tasin haɗaka kuɗin kujera kawai za ka biya. Faɗi unguwa da kuɗinka ta taga kafin ka shiga, ka riƙe canji, 'yan dala ashirin-ashirin, wato sefa ɗari-ɗari. Mai kaya ko mara lafiya dai ya kira manhaja, ya tsaya bakin kwalta.