Wane haɗin markaɗe ne zai riƙe mutum da safe in ya bar shayi da kofi?

Ummu Khalil:
Assalamu alaikum jama'a. Ga wanda aka hana shan kofi da shayi saboda bugun zuciya, wane haɗin markaɗe zai sha da sassafe ya riƙe shi har azahar? Na ayaba da kankana ba ya kai ƙarfe goma, sai yunwa da kasala. Don Allah a faɗi awon kowane abu.

Hajiya Mai Kindirmo:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Laifin haɗin ne. Ayaba da kankana sukari ne da ruwa, in aka markaɗe su babu abin da zai tsayar da su a ciki. Sukarin ya shiga jini da sauri, ya sauka da sauri, shi ne kasalar ƙarfe goman nan. Abin da ke riƙe ciki shi ne furotin da ɗan maiƙo da dusar hatsi. Ga awon mutum ɗaya:

Kindirmo ko yogot marar sukari kofi ɗaya, wato mililita 250. Ayaba matsakaiciya ɗaya. Ots cokali huɗu na cin abinci, irin su Quaker. Markaɗaɗɗiyar gyaɗa soyayyiya cokali ɗaya. Dabino biyu. Kirfa ko garin citta kan ƙaramin cokali. Ruwa rabin kofi.

Tun da dare a cire ƙwallon dabinon a jiƙa shi da ots ɗin a rabin kofin ruwan, a rufe a sa a firji ko wuri mai sanyi. Busasshen dabinon da ake sayarwa a baro in ba a jiƙa ba sai ya yi ta buga wuƙar bilenda, a ƙarshe a same shi gutsi-gutsi a ƙasan kofi. Da safe kindirmon za a fara zubawa, sai jiƙon da ruwansa, sai gyaɗa, ayaba a ƙarshe. In aka fara da masu kauri injin yana juyawa a banza har ya yi zafi. Daƙiƙa 40 zuwa minti ɗaya ta isa.

Kada a tace. Abin da rariya za ta riƙe shi ne ainihin abin da ake nema.

Malam Bature:
Hajiya ta gama magana a kan haɗin, sai dai ina da ƙari kan kafin ɗin kansa, wato sinadarin da ke cikin kofi da shayi mai hana barci, don mutane da yawa suna barin shayi su koma masa ta ƙofar baya. Garin koko yana da kafin, ko da bai kai na kofi ba, don haka Milo da Bournvita ma suna da ɗan kaɗan. Koren shayi yana da shi. Goro kuwa ba a magana. Wanda likita ya hana, kada ya zuba ko ɗaya a bilenda.

Abu na biyu, wanda ya saba da kofi kullum ya yanke rana ɗaya zai iya fama da ciwon kai da nauyin jiki. Yakan fara ne tsakanin awa 12 zuwa 24 bayan kofin ƙarshe, ya yi tsanani a kwana na biyu, ya iya ɗaukar mako guda ko fiye kaɗan. Wannan ba gazawar karin kumallo ba ce, don haka kada a yanke wa haɗin hukunci a satin farko. Kuma gaskiya babu markaɗen da zai ba da irin zaburar da kofi ke bayarwa. Kofi barci yake toshewa, abinci kuwa mai yake zuba wa jiki. A sha kofin ruwa da tashi kafin komai, yana rage nauyin kan nan na safe.

Anti Zee:
Ni dabino biyun ma ina ganin ya yi yawa in ayabar ta nuna sosai har ta fara ɗige-ɗige. A zaɓi ɗaya, ko dabinon ko nunanniyar ayabar. Mai ciwon sukari kuwa ya cire dabinon gaba ɗaya, ya sa rabin ayaba, ya cike da rabin fiya (avocado), sannan ya auna sukarinsa awa biyu bayan sha don ya ga yadda jikinsa ya karɓa. Zuma ba mafita ba ce, ita ma sukari ce.

Wanda madara ke kumbura wa ciki ya yi da ruwan aya. Busasshiyar aya kofi ɗaya, a wanke a tsince tsakuwa, a jiƙa awa 12, a markaɗa da ruwa kofi uku a tace da kyalle. Ita ce kaɗai ake tacewa. Sai dai furotin ɗinta bai kai na madara ba, a ninka gyaɗar zuwa cokali biyu. Ba ta jure zafi, in babu firji a yi ta ranar kawai, in ta fara yauƙi ko tsami a zubar.

Abubuwan da ke ɓata haɗi: ɗanyar abarba da gwanda suna da sinadarin da ke narka furotin ɗin madara, in haɗin ya zauna sai ya yi ɗaci, don haka a sha nan take. Lemun tsami a madarar ruwa tsinkewa take yi, amma a kindirmo ba matsala, har yana rage baƙin da ayaba ke yi. Garin zogale a fara da rabin ƙaramin cokali, in an cika sai ɗaci da sakin ciki. Gyaɗa a zubar da duk wadda ta yi fumfuna ko ta motse, gubarta hanta take taɓawa kuma suya ba ta kawar da ita.

Ummu Khalil:
Allah ya saka da alheri. To Hajiya, in an tashi babu wuta fa?

Hajiya Mai Kindirmo:
Sai a koma wa fura, ai ita ce uwar haɗin. Gero ga hatsi, nono ga furotin, citta da kanumfari suna ciki. Curi ɗaya a kofi ɗaya da rabi na kindirmo, a dama da ludayi, a murƙushe ayaba da cokali a zuba maimakon sukari, a sa gyaɗar a burga da maburgi. In ana son ɗan tsami da kauri a ƙara ƙaramin cokali na farin garin 'ya'yan kuka, amma a fara kwaɓa shi da ruwa kaɗan, in ba haka ba sai ya yi gudaji. Nonon dai a tabbatar an tafasa madarar kafin a kwantar da shi, ɗanyen nonon shanu yana iya ɗauke da ƙwayar tarin fuka da ta bakkale, cutar nan mai sa shanu ɓari. Wanda curi guda ke sa wa barci ya raba biyu, rabin ya isa.