Neman shawara: "daura da masallaci" a takardar filina, jikinsa ake nufi ko tsallaken hanya?

Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba a kan kalma ɗaya. A shekarar 2022 na sayi fuloti ɗaya, ƙafa 50 da 100, a bayan Tirwun nan Bauchi, daga hannun aminin marigayi mahaifina, mutumin da tun ina yaro nake kira Baffa, wanda ma shi ne ya karɓa mini aure. Kuɗin kuwa adashi ne na shekara biyu, na haɗa da na babur ɗina da na sayar, da sarƙar maiɗakina wadda ta cire ta ba ni ba tare da na roƙa ba. Takardar da aka rubuta gaban shaidu biyu ta ce filin "yana daura da masallacin unguwa". Makon jiya na sauke yashi da bulo a filin da ke jikin katangar masallacin, sai Baffa ya aiko in kwashe, wai nawa shi ne na tsallaken hanya, mai kallon ƙofar masallacin, inda ruwa ke kwanciya duk damina. Filayen biyu duka nasa ne. Don Allah mece ce ainihin ma'anar "daura da"?

Tsohon malamin Hausa: Wa'alaikumus salam ɗana. Shekara talatin ina koyar da harshen nan, kuma ina gaya maka gaskiya tana wurinka. Wanda ya tsaya daura da kai yana gefenka ne, kafaɗa da kafaɗa, kamar masu sahu. Kowace kalma da iyakarta: "kusa da" tana da faɗi ƙwarai, har gida na biyar a layi kusa yake; "dab da" ta fi ta matsowa, shi ya sa muke cewa dab da magariba; "jikin" kuwa sai an haɗa katanga. Da na tsallake ake nufi, da an rubuta "yana kallon masallaci" ko "yana fuskantarsa". Kada ka kwashe bulo ko ɗaya.

Dillali daga Wunti: Malam, a gafarce ni, amma mu da muke kwatance kullum ba haka muke ji a bakin mutane ba. Mai shago zai ce yana daura da gidan mai, ka je ka tarar titi ne a tsakaninsu, kuma babu wanda zai ce ya yi ƙarya. Kalmar tana ɗaukar saitin abu, ko ta gefe ko ta gaba. Abin da nake so in sani, ɗan'uwa, an kai ka filin an kafa turaku kuwa?

Mai tambaya: An kai ni, amma bayan la'asar ne sakaliya, muna tsaye a bakin hanya Baffa ya nuna da sandarsa ya ce ga shi nan. Ban ce a auna ba, domin ba zan iya tsare uba da awo kamar ina zarginsa ba.

Hajiya daga Jahun: Wannan kunyar ita ce ta cinye mini gadon mahaifiyata. Takardarmu "gefen rijiya" ta ce, ƙanin mijin yayata ya cike rijiyar da ƙasa, yau shekara tara ba ma gaisawa da su, ko a suna ko a ta'aziyya. Ƙanena, ka tafi kotun shari'a tun shaidunka suna raye.

Tsohon malamin Hausa: Hajiya, ba a kai ga kotu ba. Shi kuma dillali ya sani cewa yawan masu kuskure ba ya mayar da shi daidai. Ko da an yarda da tasa, mai sayarwa da ke da filaye biyu a wuri ɗaya shi ya kamata ya bambanta su a rubuce. Dattawanmu ba sa dogara da kalma ɗaya, iyaka huɗu suke ambata: gabas ya yi iyaka da wane, yamma da hanya, kudu da arewa haka nan.

Ma'aikacin safiyo: Ƙarshen maganar Malam ita ce abin riƙewa. Alƙali ba ƙamus zai fara buɗewa ba, shaidu zai tambaya wurin da aka nuna. Tun dokar filaye ta 1978 ƙasar birni tana hannun gwamna, kuma takardar mallaka da zane da lambobin turaku ake fitar da ita, ba da "daura" ba. Ka dakatar da gini, ka tara shaidun biyu da mai unguwa a kan filin.

Mai tambaya: Na gode, amma ɗaya shaidan ɗan Baffa ne, ɗayan kuma ya koma Gombe, lambarsa ba ta shiga. Mai unguwa ma surukin Baffa ne. Ni dai ban ga laifina ba, domin duk wanda ya ga sandar nan zai ce jikin masallaci ta nuna. Birkila ya ce ranar Asabar zai fara haƙa harsashi, kuma na riga na ba shi kafin alƙalami. Malam, idan na kai takardar gidanka, za ka iya raka ni wurin Baffa ka yi masa wannan bayanin da bakinka?