Neman shawara: shin kuɗin shiga ƙungiyar malaman kwaya yana biyan kansa?

Mai tambaya: Salama a gare ku, iyayena da yayyena cikin wannan hidima. Wata takwas ke nan da aka ba ni riƙon kwayar majami'armu a kudancin Kaduna. Mu 38 ne: sofrano 17, alto 11, teno 6, bes 4. Ina karanta solfa, wato do, re, mi, amma rubutun kiɗa na kan layi biyar bai zauna mini ba. Abu biyu ke damuna. In muka tashi waƙa ba kibod, kafin baiti na uku mun zame ƙasa har muryar 'yan bes ta ƙare. Sannan in waƙa ta fara a bugun ƙarshe na ma'auni, wato rukunin bugun da ake ƙirgawa a waƙa, ba ma shiga tare. Dattawa sun ware mini ɗan kuɗi na ƙaro ilimi. Wani ya ce in shiga ACDA, wani ya ce RSCM, wani kuma ya ce ɓarnar kuɗi ce, in ƙara in sayi sabon kibod. Me mutum yake samu a zahiri in ya shiga irin waɗannan ƙungiyoyi?

Malamar kiɗa, Jos: Sannu da hidima, ƙanena. Ka fara sanin wace ce wace, domin ba aikinsu ɗaya ba. ACDA ta malaman kwaya na Amurka ce, an kafa ta a 1959. Tana da mujalla mai suna Choral Journal, tana babban taro na ƙasa duk shekara biyu, a shekarar da ke tsakani kuma a yi na yankuna. Akwai kuma IFCM, ta harkar kwaya ce ta duniya, tun 1982, babban taronta duk shekara uku. RSCM ta Ingila ce, Sydney Nicholson ya kafa ta a 1927, kuma ita kaɗai cikin ukun ce aka gina musamman domin waƙar sujada. Tana da tsarin horar da mawaƙa mataki biyar, Voice for Life, kowane mataki da littafinsa da launinsa, daga fari zuwa rawaya. MUSON kuwa ƙungiyar kiɗa ce tamu ta gida, a Onikan cikin Legas, tun 1983, tana da makaranta da jarrabawar aji 1 zuwa 8.

Ga inda mutane ke yin kuskure: kuɗin zama mamba daban, kuɗin taro daban. Babban amfanin ACDA yana wurin taron, inda ake raba wa mahalarta sababbin waƙoƙi su rera nan take, kuma ƙwararre ya tsayar da kai gaban kwaya yana gyara maka hannu. In ba za ka iya biyan jirgi da biza da masauki ba, abin da zai iso gare ka mujalla ce da bidiyo, da Turanci, kuma kowane misali a layi biyar. Ga wanda solfa kawai yake karantawa, rabin kuɗin ya tafi a banza.

Tsohon malamin kwaya, Kagoro: Ɗana, matsalolinka biyu su ne amsar tambayarka, don haka bari in tsaya a kansu.

Zamewar murya tana da wurin da take farawa. Mawaƙa kan yi taku mai faɗi in suna sauka, su yi gajere in suna hawa. Wurare biyu ne suka fi cin mutane: daga do na sama zuwa ti, da daga fa zuwa mi. Rabin mataki ne kawai, amma sai su sauka fiye da haka, kuma ba sa komowa. Haka in sauti ɗaya ya maimaitu sau uku ko huɗu, na ƙarshen yakan faɗi, domin numfashi ya ƙare. Ka ɗauki koyonku a waya. Ka buga do a kibod kafin a fara, ka sake bugawa bayan kowane layi, ba bayan baiti ba. Za ka kama layin da ɓarnar ke shiga. Sai ka sa su rera do, ti, do, ti a hankali sau goma, kana nuna sama da yatsa a kan ti. In waƙar tana ki F, wato do ɗinta yana kan F, kuma ta ƙi tsayawa, ɗaga ta rabin mataki, sau da yawa nan take take zama.

Ka kuma duba sofranonka. Mutum 17 cikin 38 sun yi yawa, kuma da wuya a rasa uku ko huɗu da asalinsu alto ne, sun tsaya can domin nan ake rera karin da kowa ya sani. Su ne ke jan sauran ƙasa. Gwada kowa shi kaɗai, minti uku: wadda ba ta kai G na sama cikin sauƙi ba, ba tare da ɗaga haɓa ba, ta koma alto. 'Yan bes huɗun nan kada ka jefa su can gefe. Sa su tsakiya a layin baya domin kowa ya ji tushe. Lokacin hunturu kuma kowa ya zo da ruwan sha, a yi minti goma ana ɗumama murya kafin a taɓa waƙa.

Batun shiga tare, hannunka ne. A ma'auni mai bugu huɗu hannu yana zuwa ƙasa, ciki, waje, sama. In waƙa ta fara a na huɗu, ka ba da na uku kawai, wato waje, daidai da saurin waƙar, kana jan numfashi tare da su. Bugu ɗaya tak. Masu ƙirga ma'auni duka, ko masu gyaɗa kai yayin da hannu ke wani wuri, su ne kwayarsu ke shiga kashi biyu.

To, duk wannan na faɗa ne ban ga hannunka ba, ban ji kwayarka ba. Malamin da ya zauna a bencin baya ranar koyo zai gane cikin minti goma wanne ne naka a ciki. Kai ba za ka taɓa ganin hannunka daga inda alto suke tsaye ba. Abin da ƙungiya ke sayar maka ke nan, kunne da idon wani. Duk ƙungiyar da ba za ta kawo maka wannan ba, ta jira tukuna.

Mai kaɗa ogan, Zariya: Baba ya yi gaskiya, amma kada a rage wa na waje daraja. In majami'arku na da yara da sababbin shiga, tsarin RSCM yana maganin wani ciwo da muke fama da shi: mutum ya shekara goma a kwaya bai san ko ya ci gaba ba. A can kowane mataki yana da abin da za a iya: numfashi, karatu, sanin ma'anar waƙa, zuwa koyo a kan lokaci. Ana iya yin rajistar da sunan majami'a, kuma na fi ba da shawarar haka. In an sauya malami, littattafan suna nan.

Mai rubuta waƙoƙi, Numan: Akwai abin da babu ƙungiyar waje da za ta koya maka, ɗan'uwa, shi ne rera Hausa. Harshenmu yana da hawa da saukar murya, yana da dogon wasali da gajere. Wuya ta wahala tana farawa ƙasa ta hau, wuyan jiki yana farawa sama ya sauka. In karin waƙa ya juya su, kunne wani abu daban yake ji. Gari na zama da garin tuwo kuwa tsawon wasalin farko ne ya raba su, don haka in dogon sauti ya faɗa kan "ga" na garinmu, ka san abin da jama'a za su ji. Waƙoƙin da aka fassara aka ɗora kan karin Turawa cike suke da wannan. Gyaran shi ne ka karanta layin da baki a gaban kwaya yadda ake magana, ka ja layi ƙarƙashin gaɓoɓin da kari ya murɗe, sannan ka rage tsawon sautin ko ka sauya kalma. Ka kuma kula da ɓ, ɗ da ƙ, domin in mutum arba'in suka sassauta su, ƙarya da karya sun zama ɗaya. Wannan ilimin yana wurin malaman da ke haɗuwa a taron mawaƙa na gunduma, da shugabannin waƙa na Zumuntar Mata. Da ɗan gari akan ci gari.

Ma'ajin ƙungiyar mawaƙa, Kaduna: Ni a kan kuɗi zan yi magana. Na waje da kuɗin waje ake biya, kamar dala ko fam, kuma duk shekara ake sabuntawa, don haka ka tambayi dattawa ko na bana kaɗai ne. Ba kowane katin naira ke wucewa a shafukansu ba, ka tabbatar a banki tukuna. IFCM tana sassauta kuɗi gwargwadon ƙarfin ƙasa, ka duba rukunin da Najeriya take.

Na gida kuma a yi hattara. Akwai masu tara mutane yini ɗaya a otal, su raba takardar shaida mai zanen zinariya, shi ke nan. Kafin ka biya, nemi tsarin mulkinsu a rubuce, ka duba rajistarsu a shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, ka tambayi yaushe aka yi zaɓe na ƙarshe, wa ya koyar a bitar bara, kuma ko an tsayar da mahalarta sun kaɗa hannu ɗaya bayan ɗaya. In amsar ita ce lacca aka yi daga safe har yamma, riƙe kuɗinka.

Wani abu: zama mamba ba izinin buga fotokwafi ba ne. A dokar Najeriya haƙƙin mai waƙa yana nan har shekara 70 bayan rasuwarsa. Handel, shahararren mai rubuta waƙoƙi, ya rasu a 1759, aikinsa na kowa ne, amma sabon shirin da wani ya yi masa a zamaninmu yana da mai shi. Tsofaffin waƙoƙi kyauta suna nan a shafin intanet na CPDL, ba sai ka shiga kowace ƙungiya ba.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, iyayena. Ke nan da wanne zan fara, tunda kuɗin ba zai kai duka ba?

Malamar kiɗa, Jos: Raba shi uku, ƙanena, amma ba daidai ba. Kaso mafi girma ya tafi ga koyon layi biyar. Nemi wanda ya ci jarrabawar aji 5 ta MUSON ko ABRSM, hukumar jarrabawar kiɗa ta Ingila, ku riƙa zama awa ɗaya sau biyu a mako. Tunda kana da solfa, abin da ya rage maka shi ne gane inda do yake a kowane ki da tsawon sautuka. Ka sa MuseScore, manhajar rubuta kiɗa, a kwamfuta, kyauta ne, kana rubuta waƙar da ka riga ka sani kana sauraro, kuskurenka zai fito da kansa. Kaso na biyu kuɗin mota da abincin gogaggen malami daga gundumarku, ya zo koyonku sau uku a shekara, kai ma ka je nasa ka zauna a baya da littafi. Sauran ka biya kuɗin ƙungiyar malaman kwaya ta gundumar. In babu, malamai biyar sun isa a fara: haɗuwa Asabar ɗaya a wata, kowa ya zo da waƙa ɗaya kwafi biyar, ya koyar da ita minti ashirin, sauran huɗun su zama kwayarsa, sannan su gaya masa abin da suka gani.

Duk abin da ka halarta, ka rubuta wa dattawa shafi ɗaya: abin da aka koya, da waƙar da za a ji shi a cikinta ranar Lahadi. Ita ce takardar da za ka riƙe in ka koma neman kuɗin RSCM baɗi. Kibod kuma ka bar shi tukuna, wanda kuke da shi ya isa ba da do.