Yaya ya kamata direba ya wuce mahayin doki a kan titi?

Sabon Direba ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san doki da waɗanda suka daɗe a kan sitiyari, domin wani abu ya faru da ni a makon jiya wanda har yanzu yake damuna. Ina tafe da yamma a kan wata hanya mai faɗin mota biyu kacal, sai na hango mutum a kan doki yana bin gefen titi a hankali. Na rage gudu kaɗan, da na matso kusa kuma na danna hon sau ɗaya domin in sanar da shi cewa ga mota nan tafe, kamar yadda nake yi wa mai keke. Kafin in ɗauke hannuna dokin ya zabura, ya karkato da bayansa cikin titi, har ina ganin kofatonsa yana zamewa a kan kwalta, tsakaninsa da fitilar motata bai fi taku biyu ba. Allah ya kiyaye, birki ya kama. Ƙafar mahayin ɗaya ta fita daga likkafa, amma ya riƙe linzami har dokin ya natsu, sannan ya yi mini alama da hannu in wuce a hankali, bai ce mini uffan ba.

Tambayata ita ce, shin danna hon ɗin ne kuskurena, ko kusancin da na yi? Wane gudu ne ya dace, kuma wace tazara ya kamata a bari? Sannan, ba da niyyar raina kowa ba, shin doki yana da hurumin bin titin mota tun farko?

Mai Akawal ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na yi farin ciki da ka tsaya ka yi tambaya, domin da yawa sukan wuce ne suna zargin mahayin da rashin iya hawa. Na shafe shekaru masu yawa ina hawa, kuma zan gaya maka gaskiya: kurakuran biyu ne suka haɗu, hon da kusanci, amma tushensu ɗaya ne, wato ka ɗauki doki a matsayin abin hawa mai tafiya a hankali. Keke ba ya jin tsoro, mai shi ne kawai kake sanarwa. A kan doki kuwa akwai rayuka biyu, kuma wanda ya fi ƙarfi a cikinsu bai san ma'anar hon ba, abin da ya sani shi ne wata ƙara ta fashe a bayansa.

Doki dabba ce da asalinta ake farautarta a dawa, saboda haka makaminsa na farko gudu ne, kuma yakan gudu kafin ya bincika abin da ya firgita shi. Idanunsa a gefen kai suke, abin da ya sa yake ganin kusan duk kewayensa, kimanin digiri 350, amma akwai wurare biyu da ba ya gani: daidai gaban goshinsa, da kuma daidai bayan wutsiyarsa. Motar da ta biyo shi ta baya a cikin wannan makahon wuri take zuwa, yana jin ta amma ba ya ganin ta, sai kwatsam ta bayyana a gefen idonsa. Kunnensa kuma yana kama sauti mai kaifi wanda namu ba ya kamawa. Idan ka lura da kunnuwan dokin da ke gabanka za ka ga suna juyawa kamar masu neman inda magana take fitowa. Idan ɗaya ya juyo baya wajenka, ya san da zuwanka. Idan duka biyun suka miƙe cak zuwa gaba ko gefe, kai ya ɗagu, wuya ya sandare, to akwai abin da ya ɗauke masa hankali, kuma wannan ba lokacin wucewa ba ne.

Abin da direbobi suka fi rashin sani shi ne, sau da yawa ba motar ce take firgita doki ba. Leda ce da iska ta kaɗa a cikin ciyawa, ko kare da ya yi haushi a bayan shinge, ko tsuntsu da ya tashi fir daga ƙarƙashin ƙafarsa. Duk waɗannan a gefen hanya suke, don haka idan ya kauce musu cikin titi zai faɗo, wato daidai inda motarka take. Kuma ba gaba yake zabura ba kullum, tsalle ɗaya yake yi zuwa gefe, cikin ƙiftawar ido, da nauyin da yakan kai kilo 500. Tazarar da ake cewa a bari ba don girman jikinsa ba ce, don wannan tsallen ce.

Game da adadi, dokar hanya ta Birtaniya ta fayyace shi a gyaran da ya fara aiki ranar 29 ga Janairu, 2022: kada gudun mota ya wuce mil 10 a awa yayin wuce doki, wato kimanin kilomita 16, kuma a bar aƙalla mita 2 tsakani. Idan babu wannan fili, a jira a baya. Ko a inda doka ba ta ambaci adadi ba, ni wannan ma'aunin nake ba kowa shawara a kai, domin halin doki ɗaya ne a ko'ina. Yi lissafin da kanka. Mota mai gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya, kafin ma ƙafarka ta isa birki, amma a kilomita 16 ba ta kai mita 5 ba. Ƙarfin karon kuma ba ninki uku ba ne kamar yadda ake zato, ya kusa ninki 10, domin yana ƙaruwa ne da gudu sau gudu. Kuma tsarin jikin doki yana sa hatsarin ya yi muni ga direba shi ma: gaban mota ƙafafu yake shara, gangar jikin kuma ta faɗo a kan bonet da gilashin gaba.

A kan tambayarka ta ƙarshe, eh, yana da hurumi a yawancin hanyoyi, ban da manyan titunan gudu da aka haramta wa dabbobi. Yarjejeniyar Vienna ta 1968 kan zirga-zirga a hanya, a inda ta fassara kalmar direba, ta haɗa har da wanda yake jan ragamar dabbar hawa ko ta kaya a kan titi. Ma'anar wannan ita ce mahayi yana da haƙƙi, kuma dokokin hanya suna kansa.

Direban Tirela ya amsa:

Malam Mai Akawal, na yarda da bayaninka, amma ina so a faɗi ɗaya ɓangaren, domin jimlarka ta ƙarshe ita ce ta fi muhimmanci a wurina. Ni babbar mota nake ja, kuma ba na iya tsayawa a inda ƙaramar mota take tsayawa. Idan ban hango doki da wuri ba, duk kyakkyawar niyyata ba za ta yi amfani ba. Akwai ranar da na fito daga wata kwana gab da faɗuwar rana, sai ga baƙin doki da mahayi sanye da tufafi masu duhu a ƙarƙashin inuwar bishiyoyi, abin da ya fara nuna mini su shi ne ɗan farin da ke ƙafar dokin yana motsi. Na tsaya, amma birkin iska ya yi wannan hucin nasa mai ƙarfi, dokin ya miƙe da ƙafafun baya. Sai da na kashe injin gaba ɗaya, muka zauna shiru, kafin mahayin ya shawo kansa ya wuce da shi.

Daga ranar na koyi abu biyu: ina fara rage gudu da giyar mota tun daga nesa domin kada in bukaci birki mai ƙarfi a kusa da doki, kuma ina duba tampol da sarƙoƙin kayana kada su riƙa kaɗawa. Amma ina roƙon mahaya su taimake mu. Riga mai ɗaukar ido ba ado ba ce, ita ce take ba ni daƙiƙun da nake buƙata. Wanda kuma ya san dokinsa bai saba da mota ba, bai kamata ya zo ya koya masa a kan hanyar da manyan motoci suke bi ba.

Mai Koyar da Hawa ta amsa:

Alhaji, maganarka gaskiya ce, kuma ita ce nake fara gaya wa ɗalibaina. Ba na barin ɗalibi ya fita titi sai ya iya tsayar da doki cak, ya riƙe shi a tsaye, ya kuma iya ba da alama da hannu ɗaya ba tare da linzami ya kuɓuce masa ba. Dokin da bai saba ba, a fili ake fara saba masa: a ajiye mota a kashe ya shinshina ta, sannan a tayar da injin, sannan a riƙa wucewa da ita nesa da shi, kullum ana matsowa kaɗan. Ranar da zai fara fita titi kuma tare da dattijon doki mai natsuwa zai fita, a sa shi ta ɓangaren gefen hanya, natsattsen ya tsaya tsakaninsa da motoci. Wannan ne ma dalilin da ya sa direba yakan ga mahaya biyu a jere ya ɗauka taurin kai ne, alhali sau da yawa ana kare ƙaramin yaro ne ko sabon doki.

Kafin a fita a duba majayi, wato ɗamarar da ke riƙe sirdi a jikin doki, ya ɗaure sosai, domin sirdin da ya juya lokacin zabura shi ne yake kayar da mahayi, a kuma duba ɗinkin linzami da igiyar likkafa. Hular kwano dole ce a wurina ga babba da yaro. A Birtaniya doka ta wajabta ta ga duk wanda bai kai shekara 14 ba idan zai hau a titi, amma ƙoƙon kan babba bai fi na yaro jure wa kwalta ba. Da rana a sa tufafi masu haske, da duhu kuma masu ƙyalli idan fitila ta haska su, a ɗaura irinsu a ƙafafun dokin, domin motsin ƙafa shi ne ido yake fara kamawa, kamar yadda Alhaji ya shaida. A riƙa tafiya a hankali, ba sukuwa, domin kwalta tana da santsi ga kofato, musamman mai takalmin ƙarfe, kuma fentin layin titi da murfin ƙarfe na magudanar ruwa sun fi ko'ina santsi idan an yi ruwa. Wanda yake jan doki a ƙasa shi ne zai kasance ta ɓangaren motoci. Waya kuma a bar ta a aljihu, abin sauraren kunne ma haka, domin mahayi da kunne yake sanin abin da ke bayansa.

Ina da jan hankali ga masu keke da masu motar lantarki. Ku shirunku ne matsalar, domin doki ba ya jin zuwanku sai kun riga kun iso. Mai keke ya yi magana tun daga nesa, ko sallama ce kawai, domin muryar mutum doki ya san ta kuma tana kwantar masa da hankali. Kada kuma ya kutsa ta tsakanin doki da bakin hanya.

Sabon Direba ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yanzu na gane cewa gargaɗin da na yi niyya shi ne ya zama abin tsoron. Saura abu biyu. Idan ba zan danna hon ba, yaya mahayin zai san ina bayansa? Kuma idan dokin yana fuskanto ni ne daga ɗaya hannun, shin duk wannan ya shafe ni?

Mai Akawal ya sake amsawa:

Ya riga ya sani, ɗan'uwa. Ya ji injinka tun kafin ka yi tunanin hon, kuma kunnen dokinsa ya gaya masa tun kafin nan. Ka tsaya a baya da tazarar mota biyu ko uku, kada ka manne masa, kada ka riƙa taka totur injin yana gurnani, ka rage sautin rediyo idan gilashi a buɗe yake. Ka sa ido a kan hannunsa: idan ya miƙa hannu yana kaɗa shi sama da ƙasa, yana roƙon ka rage gudu, idan ya ɗaga tafinsa gare ka, ka tsaya. Daga kan sirdi yana hango abin da kai ba ka gani, kuma yana jin jikin dokin yana ɗaurewa a ƙarƙashinsa kafin komai ya faru. Ko da ya yi maka alamar ka wuce, duba gabanka da idonka, domin alhakin wucewar a kanka yake. Kada ka wuce a kwana, ko a kan gada, ko a inda mota take tahowa. Bayan ka wuce kuma ka ci gaba a hankali har ka ga dokin gaba ɗayansa a madubi ya yi nisa, domin da yawa sukan yi komai daidai sannan su ɓata shi da taka wuta a daidai kan dokin, tsakuwa tana fallatsa.

Idan yana fuskanto ka ma haka ne, rage gudu ka matsa gefenka, da dare kuma ka sauke fitila, domin idon doki yana daɗewa kafin ya saba da sauyin haske fiye da namu. Idan hanyar ta yi ƙunci, kai ka tsaya shi ya wuce ka. Tafiyar mita 100 a gudun kilomita 16 tana ɗaukar kimanin daƙiƙa 22, a gudun kilomita 50 kuma daƙiƙa 7, don haka abin da za ka rasa kimanin daƙiƙa 15 ne kawai. Idan kuma ka ga mahayin bai ɗaga hannu ya gode maka ba, kada ka ji haushi, wataƙila hannayensa biyu suna kan linzami ne saboda dokin bai gama natsuwa ba, sai ka duba, yawanci zai gyaɗa maka kai.