Taswirar jirgi marar matuƙi ta ƙi daidaita da takardar fili

Assalamu alaikum, malamai masu aikin safiyo. Makon jiya na ɗauki hotunan wani fili a Asokore Mampong da ke Kumasi da jirgi marar matuƙi, na haɗa su a WebODM, manhajar da ke mayar da hotunan jirgi taswira, amma taswirar ta goce daga iyakokin da ke tsohuwar takardar filin, gocewa iri ɗaya a kowace kusurwa. Jirgin yana rubuta wuri da WGS84, tsarin awon wuri na duniya da GPS ke amfani da shi, ita kuwa takardar da ma'aunin ƙafa (feet) aka auna ta bisa tsarin awon ƙasar Gana, kuma nan nake zargin matsalar take. Don Allah, yaya zan sauya lissafin ba tare da sake tashin jirgin ba? Mai filin yana jira, kuma ba zan miƙa masa iyakar da za ta haɗa shi rigima da maƙwabta ba.