Wace kalmar Hausa za mu ba "alias" na tebur?

Ƴan uwa masu rubuta manhaja, ga ƙarshen maganar da muka faro makon jiya. Ni dai na tsaya kan "sunan aro". Bari in faɗi dalili, in da mai ja sai ya ja.

Abin ya taso ne daga wani yaro da nake koya wa Django, wani kayan aikin rubuta manhaja, a shagona, nan unguwar Zariya. Muna haɗa wa wani ɗan kasuwar hatsi ƴar manhaja. A rumbun bayanan akwai tebur guda mai suna dillali, kuma kowane dillali yana da ubangida, shi ma ubangidan a cikin wannan teburin yake. Muka nemi dillalan da ke ƙarƙashin mutum ɗaya, na ce ya buɗe SQL ɗin da Django ya rubuta, wato tambayar da ya aika wa rumbu, ya karanta mini. Ya yi shiru, ya koma rumbu yana ta lalube. Can ya ɗago ya ce: "Malam, ina teburin T2 yake? Na duba ko'ina ban gan shi ba."

Babu wani tebur T2. Teburin dillali ne aka kira sau biyu cikin tambaya ɗaya, sau ɗaya a matsayin yaro, sau ɗaya a matsayin ubangida. Dole a bambanta su, sai Django ya laƙa wa na biyun T2. Na ce masa alias ne. Ya gyaɗa kai, amma na ga kalmar ba ta shige shi ba. Shi a wajensa alias sunan ɓoye ne na wanda ƴan sanda ke nema, kamar yadda yake gani a jaridun Faransanci.

Kowane ORM, wato tafintan da ke tsakanin manhajarka da rumbu, yana da irin nasa raɗin. Django na ba da T2, T3, in kuma tambaya ce cikin tambaya sai ka ga U0. Hibernate na da yakan rubuta dillali0_, daga Hibernate 6 ya gajarta zuwa d1_0. SQLAlchemy na ƙara lamba a wutsiya, dillali_1. Entity Framework 6 kuwa Extent1 yake cewa, ko ɗuriyar sunan asali babu. Gajartar ma ba ado ba ce: rumbun PostgreSQL na datse duk sunan da ya wuce bayit 63, rumbun Oracle kuma 30 ne iyakarsa kafin sigar 12.2. Dogayen sunaye biyu in an datse su suna iya zama ɗaya.

To, mi aka kawo?

Mafi yawanku kun ce laƙabi, wasu inkiya. Nan hankalina ya fara zuwa ni ma. Amma laƙabi bin mutum yake har kabari. Wanda aka sa wa Na-Allah ko Ɗan Tanin yana yaro, da furfurarsa ma haka za a kira shi. T2 kuwa ba ya kwana. Tambaya na ƙarewa ya ɓace, rumbu bai taɓa ajiye shi ba. In muka ce laƙabi, yaro zai sake komawa neman inda aka rubuta shi, mun maimaita kuskuren da muke gudu.

Wata ƴar uwa daga Damagaram ta kawo alkunya, kuma wallahi na daɗe ina juya ta. Hujjarta mai ƙarfi ce. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, sai ta sakaya. Haka a PostgreSQL, da zarar ka ba tebur wani suna a wajen FROM, inda tambaya ke ambaton tebur, ba ka da damar kiran shi da sunansa na asali cikin sauran tambayar, in ka kira zai mayar maka da kuskure. Wannan kamar da alkunya aka auna shi. Abin da ya hana ni ɗauka shi ne alkunya tana ɗauke da kunya da girmamawa, kuma ita ma ta rayuwa ce duka. Na fi son mu riƙe ta don yi wa ɗalibi misalin wannan ƙa'idar kaɗai.

"Sunan wucin gadi" daidai ne, sai dai ya yi tsawo a baki.

Wani malami ya ja ni kan aro, ya ce kayan aro da mai shi, to wa ke da T2? Na ce tafinta ke da shi. Kamar babbar rigar da ke yawo a unguwa lokacin biki: yau tana wuyan wannan ango, an watse an mayar, mako mai zuwa tana wuyan wani. T2 a wannan tambaya dillali ne, a ta gaba yana iya zama teburin buhuna. Duk wanda ya ji "aro" ya san abin ba na tebur ba ne, ya kuma san za a mayar.

Sunan da ke rubuce a rumbu kuwa, sunan yanka za mu ce masa. Wannan babu wanda ya ja.

Na gwada su a bakin yaron jiya da la'asar. Na buɗe masa wata tambaya ta Hibernate mai tebur huɗu, na ce ya karanta. Ya bi da yatsa a kan allo: "d1_0 sunan aro ne, sunan yankansa dillali. d2_0 ma dillali ne, an sake ara masa wani don shi ne ubangida." Bai koma rumbu neman komai ba.

Saura sunan da ake ba ginshiƙin tebur bayan kalmar AS ta SQL. Ina ganin sunan aro ya ishe shi, a ce sunan aron tebur da sunan aron ginshiƙi. Wannan kam ban gwada shi a bakin kowa ba tukuna, sai ran Asabar in yara sun taru.