Muhawara: Shin kuɗin da ke asusu ne ke ba da biza?

Alhaji Garba: Jama'a, ni maganata ɗaya ce, kuma ban ga wanda zai karya ta ba. Harkar biza harkar kuɗi ce. In asusunka na banki ya cika, ofishin jakadanci ba shi da ta cewa. Wasiƙar gayyata, ajiyar ɗaki a otal, takardar wurin aiki, duk ado ne. Talaka ake hana wa biza.

Malama Hauwa: Alhaji, da girmanka, amma wannan fahimtar ce ke sa mutane asarar kuɗin nema. Bizar Shengen, wato bizar bai ɗaya ta rukunin ƙasashen Turai irin su Faransa da Jamus, yuro 90 ce tun watan Yunin 2024, yara 'yan shekara 6 zuwa 12 kuma yuro 45, kuma in an hana ka ba a mayar maka da ko sisi. Sannan abin da suke so ka nuna na guzuri bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Faransa tana neman yuro 65 a kowace rana ga wanda ya kama otal, yuro 120 ga wanda bai kama ba, yuro 32.50 ga wanda mai masaukinsa ya karɓo masa takardar saukar baƙo daga ofishin magajin gari. Kwana goma da otal ya kama yuro 650. Wannan ai ba dukiya ba ce. Da kuɗi kaɗai ake dubawa, da kusan duk wanda ya iya sayen tikitin jirgi ya samu.

Alhaji Garba: To, Malama, in haka ne me ya sa bayanin asusun banki na cikin abin da ake fara tambaya?

Malam Sabi'u: Saboda karanta shi ake yi, Alhaji, ba lambar ƙarshe ake leƙawa a ajiye ba. Ana neman na wata uku zuwa shida ne don a ga yadda kuɗi ke shiga da fita. Ɗauki takardu biyu. Ta farko: albashi na shigowa ƙarshen kowane wata daga wuri ɗaya, adadinsa ya yi daidai da abin da wasiƙar wurin aiki ta faɗa, ana cire na haya da na cefane, ragowar na taruwa a hankali. Ta biyu: wata biyar asusun kusan fayau, sai kwana goma sha biyu kafin a miƙa takardu aka zubo kuɗin da ya ninka albashin sau ashirin daga wani suna da ba a yi bayaninsa ba. Ta biyu ta fi kuɗi nesa ba kusa ba, amma ita ce ke shan ƙasa, domin jami'in ya san aro aka yi, kuma za a mayar da zarar an buga takardar. In da gaske ka sayar da fili ko mota, haɗa takardar cinikin. In wani ne zai ɗauki nauyinka, a sa wasiƙarsa, bayanin asusunsa, da shaidar alaƙarku.

Kabiru: Ni fa ina ganin an yi wa Alhaji taron dangi. Maganarsa da gaskiya a ciki. Abin da ake kira shaidar za ka dawo gida, mene ne in ba aiki mai albashi, kasuwanci mai rajista da kadara ba? Duk waɗannan na mai hali ne. Matashin da bai yi aure ba, ba shi da aiki tsayayye, ko da niyyarsa fara ce tas, da wuya ya tsallake. Sunan kawai aka sauya.

Malama Hauwa: Wannan na yarda da kai, Kabiru, tsarin ya fi yi wa mai hali sauƙi, babu musu. Amma Alhaji cewa ya yi in kuɗi sun cika ba su da ta cewa, kuma nan ne kuskuren. Duba takardar ƙin bizar Shengen, wadda ke ɗauke da jerin dalilai ana yi wa wanda ya shafe ka alama. Rashin isasshen guzuri ɗaya ne a ciki. Akwai cewa bayanin dalilin tafiyar ba abin dogaro ba ne. Akwai shakkar ko za ka fita kafin bizar ta ƙare. Akwai rashin inshorar lafiya, wadda dole ta kai aƙalla yuro 30,000, ta shafi dukkan ƙasashen yankin da dukkan kwanakin zamanka. Attajiri ma yana faɗuwa a kan waɗannan. Kuma fasfo kansa: sai an ba da shi cikin shekara 10 da suka wuce, da shafi biyu babu komai, da sauran wata uku bayan ranar da za ka fita.

Malam Sabi'u: Ga wani wurin da masu kuɗi ke yawan tuntuɓe. Mutum zai yi kwana shida a Jamus, biyu a Spain, sai ya kai takardunsa ofishin Spain don an ce can layin ya fi sauri. Ƙa'ida ita ce ƙasar da tafiyar ta fi karkata gare ta, wato inda za ka fi daɗewa ko inda babban dalilin zuwanka yake. In kwanakin sun zo daidai, sai ƙasar da za ka fara shiga. Dillalin biza zai shirya maka ajiyar otal ta bogi don ta dace da ofishin da ya zaɓa, su kuwa suna iya tuntuɓar otal ɗin. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Alhaji Garba: Duk wannan Turai ce. Amurka fa? Can ai dala ce ke magana.

Hajiya Rabi: Alhaji, Amurka ce ma ta fi rusa maganarka. A dokarsu ta shige da fice ta 1952 akwai sashe na 214(b), wanda ya ɗauki duk mai neman bizar ziyara a matsayin mai niyyar zama dindindin har sai ya gamsar da jami'i cewa ba haka ba ne. Ka cika fom ɗin DS-160 a intanet, ka biya, ka je ganawa ido da ido. Ganawar 'yan mintoci ce, kuma sau da yawa jami'in ba ya ko karɓar takardun bankin da ka tara a jaka. Tambayoyi ne gajeru: ina za ka, wa ka sani a can, me kake yi, yaushe za ka dawo. In bakinka ya saɓa da abin da ke fom, musamman in wani ne ya cika maka ba ka karanta ba, shi ke nan. Kuma in aka kama ka da ƙarya a kan abin da ya shafi hukuncin, haramcin na iya zama na har abada. A Birtaniya yaudara a neman biza na jawo haramcin da ya kai shekara 10.

Kabiru: Hajiya, to wanda aka hana, ya sake nema nan take ko ya jira?

Hajiya Rabi: In babu abin da ya sauya a halinsa, sake biya kawai zai yi. Bizar Shengen tana da damar ɗaukaka ƙara, an rubuta yadda ake yi da wa'adinsa a jikin takardar ƙin. Bizar ziyara ta Birtaniya galibi ba ta da wannan dama, sai dai sabon nema da ya amsa dalilan da aka rubuta ɗaya bayan ɗaya. Kada kuma a ɓoye cewa an taɓa hana ka in fom ya tambaya. Zanen yatsunka na cikin kwamfutarsu, sauya fasfo ba ya share shi.

Malam Sabi'u: Lokaci ma kuɗi ba ya sayensa. Shengen ana iya nema tun wata shida kafin tafiya, kuma bai kamata a wuce kwana 15 kafin ranar tashi ba. Hukunci kan ɗauki kwana 15, yana iya kaiwa 45 in suka ga sai sun zurfafa bincike. Wanda ya sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin biza ta fito, shi ya jiyo.

Alhaji Garba: Na ji bayananku, amma ban sauka daga kan bakata gaba ɗaya ba. Ku kawo mini mutum biyu masu takardu iri ɗaya, ɗaya da kuɗi ɗaya babu, mu ga wa za a ba.

Malama Hauwa: Mai kuɗin, Alhaji, in dai na biyun bai kai adadin da aka gindaya ba. Amma ko shi, ya riƙe takardunsa a jakar hannu ranar tafiya. Biza izinin zuwa bakin iyaka ce, jami'in shige da fice na filin jirgi yana da ikon sake tambayar tikitin dawowa, adireshin masauki da guzuri, ya kuma mayar da mutum in bai gamsu ba. A Amurka ma shi ne ke yanke tsawon zaman da za ka yi, ba ranar da ke jikin bizar ba.